Inda Gulbi Ya Taɓa Bi

Shekarar da ruwa ya ci unguwarmu ta bakin gulbi ba na gida. Ina birni, ban daɗe da fara aikin taswira ba, sai Inna ta kira ni da hantsi a wayar maƙwabciyarmu, domin tata ta jiƙe. Ba ta yi kuka ba. Ta dai ce mini ɗakinta ya zauna, rumbuna biyu sun narke da geron da ke ciki, awaki kuma suna ɗaure a harabar makarantar firamare tare da na sauran mutane. Da ta gama lissafa wannan sai ta tambaye ni ko na karya kumallo.

Garinmu ƙarami ne, a ƙasar Gummi. Gulbi yana gabas da mu, gonakin gero da dawa suna yamma. Mahaifina ya rasu ina sakandare, ƙanensa da muke kira Baffa shi ya riƙe gidan. Baffa magini ne, kuma rabin ɗakunan garin hannunsa ne. Shi ya tsaya kai da fata har na karanta ilimin ƙasa a jami'a, duk da bai taɓa tambayata abin da ake koyarwa a ciki ba.

Bayan ruwa ya janye, dattawa suka zauna suka yanke shawarar barin bakin gulbi gaba ɗaya. Akwai wani fili shimfiɗaɗɗe a bayan gari ta yamma, nesa da ruwa, ko ƙarar gulbin ba a ji daga can. Mai gari ya raba shi ga waɗanda gidajensu suka rushe. Kowa ya ga hikimar haka, har da ni. Da rani ya shigo, Baffa ne ya fara haƙa tushe, kuma ɗakin Inna ya sa a gaba.

A daidai lokacin, aikin da muke yi a ofis ya kai ga yankinmu. Mu kaɗan ne, muna haɗa taswirar wuraren da ambaliya ke iya ci a Anka da Gummi da Bukkuyum. Hotunan da muke aiki da su daga tauraron ɗan'adam suke saukowa. Wasu irin hoton da ido ya saba ne, wasu kuma na wata na'ura ce da ke ratsa gajimare, ta ga ƙasa ko da hadari ya rufe sama. A irin waɗannan ruwa baƙi yake fitowa. Nawa aikin shi ne koyar da kwamfuta. Ina ɗauko hoto, in zagaye wuri in ce mata nan ruwa ya kwanta, in zagaye wani in ce nan bai taɓa zuwa ba. In ta ga misalai da yawa, sai ta fara gane kamannin wurin da ruwa ke so da kanta, ta duba tsayin ƙasa da gangarenta da yadda take riƙe laima, ta shafa wa kowane yanki launinsa. Ja na nufin haɗari.

Da farko ta ba mu dariya. Busasshen yashin gulbi da rani, ta ce ambaliya ce. Ramukan masu haƙar zinari na wajen Anka da suka cika da ruwan sama, su ma ta ce ambaliya. Abokin aikina, wani mutumin Anka mai yawan barkwanci, ya ce in muka biye mata, duk mai randa a tsakar gida sai ya yi hijira. Muka yi ta gyara mata. Wuraren da rashin tsaro ya hana mu zuwa, waya muke bi. Na yi magana da direbobi da masunta da malaman gona, da matan da suke iya faɗa mini daidai inda ruwa ya tsaya a jikin bangonsu, a gwiwa ne ko a ƙugu. A hankali kurakuranta suka ragu.

Ranar da na buɗe taswirar garinmu, bakin gulbi ja ne kamar yadda na zata. Amma akwai wani jan kuma, siriri, mai lanƙwasa kamar lauje. Ya taso daga gulbi can arewa da gari, ya zagayo ta baya, ya ratsa sabon filin ta tsakiya, sannan ya koma gulbi ta kudu.

Na ce kuskure ne. A filin nan na yi kalar gyaɗa ina yarinya, ban taɓa ganin ruwa ya kwana a cikinsa ba. Na ɗora hannu zan goge, abokin aikina ya ce in dakata.

"Kafin ki ce ta yi ƙarya, ki duba hotunan bayan kaka," in ji shi. "Na shekarun baya duka."

Na jero su. A kowane ɗaya, bayan an girbe amfani ko'ina ya bushe ya yi fari, wannan lanƙwasar tana nan da sauran kore, kamar an ja ta da alli. Na daɗe ina kallo. Tushen ɗakin Inna yana cikinta.

Washegari na nemi izini na kama hanya. Mota ta kai ni Gummi, daga nan babur, bayan mai babur ɗin ya tambayi waɗanda suka fito ko hanya lafiya. Na samu Inna a rumfar zana da aka yi mata a gidan wata 'yar'uwarta, tana tsince wake. Bayan gaisuwa na shimfiɗa mata takardar da na bugo, na nuna mata masallaci da kasuwa da makaranta, har ta gane garin. Sannan na nuna mata jan.

Ta dube shi, ta dube ni. "Baffanki ya sani?"

"Ban faɗa masa ba tukuna."

"To kada ki je mishi da takarda kaɗai. Ki fara zuwa wurin Gwaggonki. In akwai wanda ya san cikin ƙasar garin ga, ita ce."

Gwaggo yayar mahaifina ce, ta auri gidan magina tukwane tun tana ƙarama, kuma ta tsufa tana haƙar yumɓu. Idonta ya yi rauni, don haka ban wahalar da ita da takarda ba. Na kwatanta mata jan layin da baki, daga tsamiyar arewa, ta bayan maƙabarta, ta cikin sabon fili, zuwa wajen rijiyar makiyaya.

Ta ajiye tukunyar da take shafawa. "Wa ya gaya miki wanga?"

"Na'ura ce ta nuna, Gwaggo."

"Na'urar tsohuwa ta? Don ni a bakin uwar mijina nij ji shi, ita ko a bakin kakarta. Sun ce da can gulbi ta nan shika bi, kafin shi koma inda shike yanzu. Mu dai abin da munka sani, ba a samun yumɓu a layin nan. In kin haƙa, yashi za ki tarar."

"Me ya sa ba ki faɗa ba lokacin da ake rabon fili?"

Ta yi 'yar dariya. "An tambaye ni? Kuma ni yashi na sani, ɗiyata. Ban san ruwa na tuna hanya ba."

Da la'asar na samu Baffa a filin. Ya ɗaga tushen ɗakin Inna ya kai gwiwa, tubala na shanye a rana layi-layi, wasu maƙwabta su ma sun fara nasu. Na durƙusa na gaishe shi, ya yi murna da ganina, ya zagaya da ni yana nuna mini inda ƙofa za ta kalla da inda zai sa taga don iska. Sai da ya gama na fito da takardar. Ya saurare ni har ƙarshe bai katse ni ba, amma ina ganin fuskarsa tana canjawa.

"Wato abin da ke sama ya fi ni sanin ƙasar da nike tsaye a kai," ya ce.

"Ba haka nake nufi ba, Baffa."

"Dubi filin ga. Kin ga kwari? Shekara nawa ina gini? Mutane sun kwana a makaranta kamar 'yan gudun hijira, yanzu sun fara ganin bango na tashi, ki zo ki ce su tsaya saboda launi a takarda?"

Gaskiyarsa, filin a ido shimfiɗe yake kamar tabarma. Na ce ban zo in ce ya yarda da takarda ba. Na roƙe shi abu biyu kawai. A haƙa rami ɗaya a cikin layin, ɗaya a wajensa. Sannan ya auna filin da tiyonsa, wato dogon farin tiyon nan da magina ke cika wa ruwa su gane ko gini ya daidaita. In ramukan suka zo iri ɗaya, kuma tiyo ya ce fili daidai yake, zan naɗe takardata in koma birni, in ce wa na'urar ta yi kuskure.

Ya dubi tushen da ya ɗaga. Can ya ce, "Gobe da sassafe. Don in huta da maganar."

Da safe aka taru fiye da yadda na so, domin labari ya zagaya. Aka kawo Gwaggo ta zauna a kan turmi a inuwa. Ramin waje ya ba da jar ƙasa mai tauri har ƙugu. Na cikin layi kuwa, ana wuce gwiwa sai launi ya canja, shebur ya fara fito da farin yashi mai laushi irin na bakin gulbi, da tsakuwa masu santsi. Wani ya tsinto ɓawon katantanwar ruwa ya kai wa Gwaggo. Ta murza shi a yatsunta ta ce a nuna wa Baffa.

Baffa ya ɗebi yashin a tafin hannu ya ce, "Yashin gini mai kyau." Mutane suka yi dariya, shi bai yi ba. Ya ɗauko tiyonsa ya cika da ruwa, ya ba ni baki ɗaya, ya riƙe ɗaya. Muka fara daga gindin katangar maƙabarta, muna kafa sanda muna sa alama, muna matsawa. Rana ta yi zafi, gumi yana shiga idona. Duk matsawar da muka yi, alamar ruwan tana ƙara hawa jikin sanda. Da muka iso tushen ɗakin Inna, ta kai ƙirjinsa. Gangaren a hankali yake sauka, ta yadda ƙafa ba ta ji, ido ba ya gani. Daga nan kuma, da muka ci gaba yamma, ƙasa ta fara hawa.

Bai yarda ba sai da muka sake daga farko. Aka samu abu guda. Ya tsaya yana kallon sandar, sannan ya zubar da ruwan tiyon, ya naɗe shi a kafaɗa.

"Taho mu tai wurin mai gari," ya ce.

A zauren mai gari ban yi magana da yawa ba. Baffa ne ya yi bayani, kuma ya yi shi fiye da yadda zan iya. Ya ce shi ya fara haƙa tushe, shi zai fara barinsa. Wani dattijo ya tashi ya ce tun da aka haife shi ruwa bai taɓa bi ta nan ba. Mai gari ya juyo gare ni.

"Malama, mi za ki ce?"

"Allah ya ba ka nasara, gaskiya ya faɗa. Ni ma ban ce bana zai bi ba, wannan sanin sai Allah. Amma a hotuna na ga gaɓar gulbi ta arewa, wajen tsamiya, tana zaizayewa kowace damina. Ita ce ta toshe bakin tsohuwar hanyar. Ranar da ta karye, ruwa ba shi da wani wurin bi sai nan."

"To ina ne ba ja a takardar taki?"

Na nuna masa tudun da ke gaba kaɗan ta yamma, mai tsakuwa, wanda ba a cika nomawa ba. Aka ce nesa da rijiya. Aka ce haƙa tushe a can sai an sha wuya. An kwana uku ana kai da komo. A ƙarshe masu gonakin tudun suka yarda a musanya musu da filin da aka bari, tunda ƙasarsa ta fi kyau ga shuka, mai gari kuma ya sake rabo. Gidaje biyu suka ƙi tashi a lokacin. Baffa bai yi gardama da su ba. Ya dai ce ba zai ɗora musu tubali ko ɗaya a wurin ba, kuma babu wani magini a garin da bai koya a hannunsa ba. Kafin ruwan farko su ma sun biyo.

Damina ta zo ta wuce, ba abin da ya faru. Gulbi ya cika ya koma. Geron da aka shuka a tsohon filin ya yi kyau har ana nuna shi. Na sha magana a wannan shekarar. In na zo gida, mata a bakin rijiya sukan tambaye ni cikin raha ko ruwan nawa ya taso, su kuma ga su suna hawa tudu da tulu a ka. Inna ba ta taɓa yin ƙorafi ba, amma na ga yadda take haki in ta iso da ruwa, abin ya dame ni ƙwarai. Na koma ga hotunan sau da yawa ina neman inda na yi kuskure, ban samu ba.

Damina ta biyu ina gida, na zo duba Gwaggo da ba ta jin daɗi. An kwana huɗu ana ruwa a gabas, can inda gulbin ke tasowa, mu kuwa yayyafi kawai muke samu. Abokin aikina ya kira ni da safe ya ce sabon hoton da ya sauko ya nuna fadamun sama duk sun yi baƙi, ruwa mai yawa yana tafe. Na gaya wa Baffa, ya gaya wa mai gari, aka yi shela a masallaci cewa kowa ya janye dabbobinsa daga tsohon fili da bakin gulbi.

Bayan azahar muka ji ƙara daga arewa, kamar manyan motoci suna tahowa a jere. Muka fito bakin tudu. Gaɓar wajen tsamiya ta karye. Na ga ruwan da idona, ja, yana tura kara da kumfa a gabansa, ya biyo ta bayan maƙabarta ya lanƙwaso. Bai yi dama ba, bai yi hagu ba. Ya shiga filin ta tsakiya, ya rufe geron, ya rufe tushen da Baffa ya bari, ya wuce ta wajen rijiyar makiyaya yana neman gulbi ta kudu. Kafin la'asar tsohon garin ya zama tsibiri, mu muna tsaye a busasshiyar ƙasa, yara suna guje-guje a bayanmu, rumbuna cike suna tsaye inda aka gina su.

Mutane suna ta salati. Liman ya sa aka bi gida-gida ana tambaya, aka dawo aka ce kowa yana nan, ba a rasa ko akuya ba. Sai wata mata, cikin masu yi mini ba'a a rijiya, ta rangaɗa guɗa, sauran suka amsa. Ta zo ta rungume ni tana kuka tana dariya, tana cewa da ba a tashi ba, a can ɗakin 'ya'yanta zai kasance, daidai inda ruwan ya fi ƙarfi. Ni kuwa na zauna a kan dutse.

Baffa ya daɗe tsaye da hannuwansa a baya. Da ya juyo, idonsa ya yi ja. Ya dubi mutanen da ke kusa da shi ya ɗaga murya ya ce, "Ɗiyata ce. Ni na kai ta makaranta." Ya faɗa har sau uku, ga mutanen da suka san ni tun ina goye.

An yi asara, ba zan ɓoye ba. Waɗanda suka shuka a tsohon filin sun rasa geronsu, kuma da kaka aka tattara musu dami-dami daga kowane gida. Sai da aka yi kwanaki ana shiga kasuwa da kwalekwale. Gwaggo ta warke, ta sa aka kai ta bakin ruwan ta tsoma hannu, ta ce ta ga abin da kakanni suka ba da labari.

Bayan ruwa ya janye, baƙi suka fara zuwa. Masu gari daga ƙauyukan da ke bin gulbi suka riƙa aiko wakilai a babura, kowa yana son a duba masa nasa. Ofishinmu ya shirya zama a Bukkuyum, muka buga taswirori manya muka shimfiɗa a kan tabarmi, muka danne gefensu da duwatsu. Na roƙa a gayyato tsofaffin mata da magina da masunta, ba masu gari kaɗai ba, kuma aka yi.

A wurin wani manomi daga wajen Zugu, dogo mai furfura a gemu, ya durƙusa a kan taswirar yankinsu ya daɗe yana bin ta da yatsa. Sai ya girgiza kai.

"Malama, nan kun yi kuskure. Kun sa wurin ga lafiya lau. Bara wani kwazazzabo ya tsage a nan, ruwan dutse duk ta cikinsa shika zubowa yanzu."

Na duba. Hotunan da muka koyar da na'urar da su a wannan yankin sun girmi kwazazzabon. Na ciro jan biro daga jakata na miƙa masa.

"Baba, zana mana shi."

Ya ce bai taɓa riƙe biro ba, sai alƙalamin allo. Na ce duk ɗaya ne. Ya gyara zama, ya yi bisimilla, ya ja layin a hankali daga gindin dutse har zuwa bakin gonaki, mutanen garinsu suna leƙe ta kafaɗarsa suna cewa ya ɗan karkata hagu. Da ya gama na rubuta sunan ƙauyen a gefe, na naɗe takardar daban da sauran, domin ita zan fara buɗewa in na koma ofis.